Baƙo da Mai Masauki: Tarihin Ziyarar Wuraren Tarihi a Ƙasar Kano

Jihar Kano tana cikin jihohi 12 na arewacin Nijeriya da suka faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci a farkon wannan ƙarni, kuma tana cikin wuraren da suka fi tara kayan tarihi a yammacin Afirka, tun daga Dutsen Dala da ganuwar birni har zuwa Gidan Rumfa da Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata. Saboda haɗuwar waɗannan abubuwa biyu, masu rubutu daga nesa kan ɗauka cewa riƙon addini da yawon buɗe ido kishiyoyi ne, wato duk inda ɗaya ya samu fada sai ɗayan ya ja da baya. Tarihin ƙasar Kano bai goyi bayan wannan zato ba, domin birnin ya shafe ɗaruruwan shekaru yana karɓar baƙi masu addinai da harsuna dabam-dabam yayin da yake ƙara zurfi a Musulunci, kuma abin da ya sa hakan ya yiwu shi ne wani tsari na masauki da neman izini wanda ya girmi kalmar yawon buɗe ido nesa ba kusa ba.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma ake danganta masa kafa Kasuwar Kurmi da gina fadar da har yau take ɗauke da sunansa, Kano ta zama mahaɗar ayarin fatake daga Gadamas da Tarabulus da Agadas da Borno da ƙasar Gwanja. Baƙon da ya iso ba ya shiga gari gaba gaɗi. Yana sauka ne a hannun mai masauki, wato mutumin gari da ke ba shi ɗaki da wurin ajiyar kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya tsaya masa idan rigima ta taso, sannan ya koya masa abin da ake yi da wanda ba a yi. Sunayen unguwannin cikin birni suna riƙe da shaidar wannan tsari, kamar Alfindiki inda Larabawan arewacin Afirka suka zauna, da Zangon Barebari, da Tudun Nufawa, da Agadasawa, da Ayagi ta Yarbawa, ga kuma Fagge a wajen ganuwa inda raƙuman Buzaye ke sauke kaya. Idan baƙon yana son ganin Sarki, sai an yi masa iso, ma'ana wani bafade ya shiga ya sanar da zuwansa ya karɓo masa izini, kuma ba a zuwa fada hannu rabbana. Karin maganar nan da ke cewa baƙonka annabinka tana bayyana nauyin da ke kan mai gida, amma a aikace nauyin ya hau kan ɓangarorin biyu ne, domin ana sa ran baƙo ya san iyakarsa.

Turawan farko da suka bar cikakken bayani a kan Kano ta wannan hanya suka bi. Hugh Clapperton, ɗan ƙasar Birtaniya, ya iso birnin a watan Janairun 1824, sai ya tarar Sarki Ibrahim Dabo ba ya fada, yana Fanisau, wani gari mai ganuwa a arewa da birni wanda ya mayar ribaɗi, wato sansanin tsaron iyaka, saboda yaƙin da yake yi da ɗan tawaye Ɗantunku. Can Clapperton ya je ya kai gaisuwa da kyaututtuka kafin ya samu sukunin zagaya gari, kuma daga zagayen ne ya ƙiyasta cewa kewayen ganuwar ya kai kimanin mil 15, tsayinta ƙafa 30, tana da ƙofofi 15, mazauna birnin kuma tsakanin 30,000 ne da 40,000. Heinrich Barth, Bajamushen da Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya zo a watan Fabrairun 1851 a zamanin Sarki Usman, yana fama da zazzaɓi da bashi, amma sai da ya nemi abin da zai kai wa Sarki da Galadima, sa'an nan ya hau doki ya kewaya unguwanni, ya kuma hau Dala ya zana hoton birnin daga samansa. Dukansu biyun Kiristoci ne, kuma ba su ɓoye hakan ba, sun shigo daular da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya kafa tun ba ta tsufa ba, duk da haka an bar su sun ga kasuwa da marina da ganuwa, saboda sun zo da takardun shaida daga sarakunan da suka ratso ƙasarsu, sun kuma bi ƙa'idar masauki.

Sai dai kuskure ne a fara tarihin masu kallon Kano daga Turawa, domin mafi yawan masu zuwa ganin birnin, a da da yanzu, mutanen karkarar da ke kewaye da shi ne. Ƙasar da ta shimfiɗu arewa da ganuwa, inda Bacirawa da Fanisau da Ungoggo suke, tana cikin yankin da masana labarin ƙasa irin su Michael Mortimore suka yi nazarinsa a matsayin karkara mai cunkoson jama'a, inda gidaje ke warwatse a tsakiyar gonaki, ana noma kowace gona kowace damina ba tare da an bar ta ta huta ba. Abin da ya riƙe ƙarfin wannan ƙasa shi ne zirga-zirgar jakuna a lokacin rani, su shiga birni da itace da hatsi da kara, su fito da mangaloli cike da taki. Manomin Bacirawa da ke shiga ta Ƙofar Ruwa ko Ƙofar Dawanau ko Ƙofar Mazugal ya san ganuwa a matsayin wurin da ake rufewa da dare, ya san Dala a matsayin alamar da yake hangowa daga gonarsa, ya san Kurmi a matsayin inda yake sayar da amfaninsa. Lokacin da yake zuwa musamman domin kallo shi ne Sallah, lokacin da hakimai ke shigowa daga gundumominsu da dawakai da makaɗa da 'yan lifida, talakawansu kuma su biyo bayansu a ƙasa. Jerin hawan yakan fara da Hawan Sallah daga filin idi, sai Hawan Daushe inda Sarki ke kai gaisuwa Babban Ɗaki ya dawo Ƙofar Kudu a yi jafi, wato mahaya su zaburo dawakai su ja linzami a gabansa suna jinjina, sai Hawan Nassarawa da ke kai shi gidan gwamnati, a rufe da Hawan Ɗorayi ko Hawan Fanisau. Wannan na ƙarshe yana da daraja ta daban ga mutanen arewacin birni, domin a ranar Sarki ne ke fitowa karkara ya yini a gidan da ya gada daga Dabo, mutanen ƙauye su zama masu masauki, mutanen birni su zama baƙi.

Dutsen Dala ne wurin da tambayar addini ta fi fitowa fili, domin tarihinsa ya soma ne kafin Musulunci. Masu binciken kayan tarihi na ƙarƙashin ƙasa sun samu alamun narka tama a wurin tun wajen ƙarni na 7, littafin Tarihin Kano kuma ya kawo labarin Barbushe, babban bokan mutanen Dala, da tsafin Tsumburbura da yake yi wa hidima, da yadda sarakunan gidan Bagauda suka yi ta fafatawa da masu wannan bauta har aka rushe wurin tsafin. Al'ummar da ta yi tsanani a kan tauhidi za ta iya ƙaurace wa irin wannan dutse, amma Kanawa ba su yi haka ba. Sun ci gaba da ba 'ya'yansu labarin Barbushe a matsayin tarihin abin da aka bari, sun kuma mai da hawan dutsen wani ɓangare na bikin Takutaha, wanda ake yi mako guda bayan Mauludi a matsayin ranar sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda yara da 'yan mata da samari ke cika dutsen tun daga gindinsa har ƙololuwa. Akwai malaman da ke sukar wannan hawa, wasu saboda cakuɗuwar maza da mata, wasu saboda suna ganin ɓurɓushin al'adar da ta gabaci Musulunci a cikinsa, akwai kuma masu kare shi a matsayin murna da haihuwar Annabi. Muhimmin abu ga mai nazarin tarihi shi ne muhawarar tsakanin Musulmi take, a kan yadda su kansu za su yi hulɗa da dutsen, ba ta taɓa zama dalilin hana baƙo hawa ba.

Haka nan batun ziyara, wadda a bakin malamai ke nufin zuwa kabarin wani bawan Allah domin yi masa addu'a da tuna lahira. Hubbaren Shehu a Sakkwato ya daɗe yana karɓar maziyarta daga ƙasar Kano, a cikin birni kuma Shaihu Nasiru Kabara ya assasa Maukibin Ƙadiriyya a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, inda muridai ke fitowa sahu-sahu da tutoci da bandiri kowace shekara, su nufi maƙabartar waliyyai domin tunawa da Shaihu Abdulƙadir Jilani. Bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a shekarar 1978, sukar irin wannan ziyara ta yi ƙarfi, ana kafa hujja da hadisin da ya taƙaita ɗaura niyyar tafiyar ibada ga masallatai uku, 'yan ɗariƙa kuma suna kafa hujja da hadisin da ya halatta ziyarar kaburbura. Amma ɓangarorin biyu ba su saɓa ba a kan halaccin tafiya domin ganin abin da mutanen da suka shuɗe suka bari a ɗauki izina, tunda Alƙur'ani ya yi kira ga hakan a wurare da yawa, kuma wannan ne ya sa makarantun Islamiyya na kowane ɓangare ke kai ɗalibansu gidan adana kayan tarihi na Gidan Makama ba tare da wani ɗar-ɗar ba.

Zuwan Turawan mulkin mallaka ne ya sauya ma'anar waɗannan wurare. Bayan sojojin Ingila sun ci birnin a watan Fabrairun 1903, ganuwa ta daina aikin tsaro, Gidan Makama, wanda aka ce Rumfa ya zauna a cikinsa kafin ya hau karaga, ya zama ofishin sababbin masu mulki na ɗan lokaci, daga baya makaranta, daga bisani gidan adana kayan tarihi inda aka jingine tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari domin masu kallo. Jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka kafa Sabon Gari a wajen ganuwa domin ma'aikata da 'yan kasuwar kudu, wanda ya haifar da wani rabo a wancan lokaci: otal da mashaya da gidan rawa a waje, birni kuma a ƙarƙashin Sarki da alƙalai. Jirgin sama ya fara sauka Kano a 1925, kuma bayan Yaƙin Duniya na Biyu filin jirgin ya zama zangon manyan jiragen da ke tafiya tsakanin Turai da kudancin Afirka, fasinjojin da ke jiran a sha mai kuma akan zagaya da su cikin gari su ga dalar gyada da marina da sabon ginin Babban Masallacin Juma'a da aka kammala a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. A wannan lokaci ne aka samu sabon nau'in baƙo, wanda bai zo fatauci ko neman ilimi ko kai saƙo ba, ba shi da mai masauki, yana da sa'o'i kaɗan da na'urar ɗaukar hoto, kuma matsayin mai masaukin sai ya koma hannun ɗan rakiya da ake biya.

Bayan ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, gwamnanta na farko, Audu Baƙo, ya yi ƙoƙarin gina wuraren shaƙatawa na zamani tare da manyan ayyukansa na ruwa: madatsar Tiga, da tafkin Bagauda da otal ɗinsa, da gidan namun daji da ke ɗauke da sunansa a yau. Makomar waɗannan wurare tana da darasi ga masu tsara manufofi. Otal ɗin Bagauda, da aka gina da tunanin manyan baƙi da tarurruka, ya durƙushe har aka mai da shi reshen Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya, gidan namun daji kuwa, wanda kuɗin shigarsa bai fi ƙarfin talaka ba, shi ne ke cika maƙil kowace Sallah da iyalai daga birni da ƙauyuka, uba a gaba, uwa da goyo, yara cikin sababbin kaya.

Da aka ƙaddamar da shari'a a Kano a shekarar 2000 a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kuma kafa Hukumar Hisba da doka a 2003 a zamanin Malam Ibrahim Shekarau, an samu canje-canje na zahiri da baƙo zai ji a jikinsa. An hana sayar da giya a fili, an sa ido a kan otal-otal da wuraren shaƙatawa, an yi yunƙurin raba maza da mata a abin hawa, wanda ya kawo babur mai ƙafa uku da ake kira A Daidaita Sahu, 'yan Hisba kuma kan bazu a wuraren taruwar jama'a lokacin Sallah. Bai kamata a raina tasirin ra'ayin malamai ba, domin a 2016 sukarsu ce ta sa gwamnatin tarayya ta janye shirin gina dandalin shirya fina-finai a Ƙofa ta ƙaramar hukumar Bebeji. To amma idan aka duba wuraren tarihi su kansu, ba a rufe Dala ba, ba a kulle Gidan Makama ko Gidan Ɗan Hausa ba, wato gidan da Hanns Vischer ya zauna lokacin da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, marina kuma ba su daina nuna wa baƙi yadda ake haɗa baba da toka a tsoma zane ba. Ladubban da ake nema daga baƙo su ne waɗanda aka daɗe da sani: sutura mai rufe jiki ga mace da namiji, yin sallama kafin shiga, neman izini kafin ɗaukar hoton mutum, musamman matar aure, cire takalmi inda ake cirewa, kauce wa cin abinci a bainar jama'a da rana a watan azumi, da sanin cewa ranar Juma'a da azahar hanyoyin da ke kewaye da fada da masallaci na masu sallah ne. A fada ma iyakar ba ta addinin baƙo ba ce, ta jinsinsa ce, domin namiji, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, a soraye na waje yake tsayawa, alhali mace baƙuwa tana iya samun iso har cikin gida ta hannun jakadiya, kuma ta haka ne Heidi Nast, wata masaniya daga Amurka, ta samu rubuta littafi a kan tarihin matan fadar.

Abin da ya yanke ƙafar baƙin ƙasashen waje shi ne rashin tsaro. Hare-haren Boko Haram na ranar 20 ga Janairun 2012 sun hallaka mutane fiye da 180 a birnin, a watan Janairun 2013 aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero hari, a ranar 28 ga Nuwamban 2014 kuma aka tayar da bama-bamai a Babban Masallacin Juma'a ana shirin tayar da sallah. Waɗanda suka fi cutuwa Kanawa Musulmi ne, kuma wannan ya kamata ya kasance a zuciyar duk mai son ɗora laifin raguwar baƙi a kan riƙon addinin mutanen gari. Hawan Sallah kansa ya sha tsayawa a waɗannan shekaru, saboda tsaro, da annobar korona a 2020, da kuma rikicin sarauta, har ta kai a 2024 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallah, a shekarar da hukumar UNESCO ta sanya hawan na Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a watan Disamba. Hana hawa ba jakadun ƙasashen waje da ke zama a rumfar Ƙofar Kudu kaɗai yake shafa ba. Yana shafar masu ɗinkin kayan doki da masu sayar da harawa da makaɗa da 'yan tallan abinci, da dubban mutanen karkara waɗanda a shekara ba su da wata fita da ta kai wannan.

Babbar asarar da ba a cika jin kukanta ba ita ce ta ganuwa. An fara gina ta a zamanin Sarki Gijimasu a farkon ƙarni na 12, aka faɗaɗa ta a zamanin Rumfa da na Muhammadu Nazaki, kuma abin da ya raya ta shi ne aikin gayya, inda bayan damina ake kiran unguwanni da ƙauyuka kowa ya gyara ɓangarensa, domin ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe. Da wannan aiki ya mutu, sai ruwan sama ya soma cin ta, masu haƙar ƙasar gini suka bi baya, sa'an nan aka shiga yanka gindinta ana rabawa filaye, ana cike kududdufan da ke gefenta ana gina shaguna da gidajen mai, duk da cewa doka ta sanya ta cikin kayan tarihin ƙasa, kuma tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO domin tantancewa. An sake gina ƙofofi da yawa da siminti domin faɗaɗa titi, ta yadda sunan ya tsira amma ginin asali ya tafi. A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ramuka da yawa sun bushe ko sun cika da shara saboda atamfa da shadda na waje sun karya kasuwar zanen baba, waɗanda suka rage a bakin aiki kuma suna dogara ƙwarai da ɗalibai da baƙin da ke sayen ɗan ƙyalle. Yaron da aka haifa a Bacirawa a yau, wadda gine-ginen birni suka riga suka cim mata suka haɗiye yawancin gonakinta, zai iya shiga gari ta Ƙofar Ruwa a cikin A Daidaita Sahu ba tare da ya lura cewa ya ƙetare wata ganuwa ba, sai idan malaminsa ko kakansa ya tsayar da shi ya nuna masa tudun jar ƙasar da ya saura a bayan shaguna.